Sake, Ba Ki Yi Murmushi Ba

"Sake," in ji Auta. "Ba ki yi murmushi ba."

Abin da na fara ji ke nan da na tura ƙofar falonsu. Matarsa, wadda duk muke kira Malama, tana durƙushe a kan tayil da tire a hannu, cikinta na wata bakwai ya tokare mata ƙirji. Shi kuwa ƙanin nawa yana hakimce a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, riga ta sha guga. Ga waya a kan sandarta mai ƙafa uku, ga fitilar nan mai kamar zobe tana haska su da rana tsaka.

Malama ta dafa hannun kujera ta miƙe da ƙyar. Ta koma bakin kicin, ta sake tahowa, ta sake durƙusawa.

"Ranka ya daɗe, ga abinci," ta ce, ta yaƙe haƙora.

"Yawwa. Amma tiren ya rufe cikin. Cikin nan shi ke jawo masu kallo. Sake."

Na ajiye ledar kayan jarirai da na ɗinko mata. Na ce, "Kai Auta, wane irin iskanci ne wannan?"

Ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba. "Yaya, don Allah, muna aiki."

Aiki! Ni na goyi yaron nan a bayana, ni na share masa majina, ban taɓa ganin ya yi wata uku cur a wurin aiki ɗaya ba. A shagon kayan lantarki ya ce maigidan ya raina shi. A kamfanin ruwa ya ce ba zai iya mace ta zama shugabarsa ba. Sai da ya faɗa wata ƙungiya a soshiyal midiya mai suna Maza Mu Farka, sannan ya gano abin da aka haife shi dominsa: ya zauna a kujera yana koya wa duniya yadda ake zama namiji. A can sunansa Zakin Gida. A gidanmu kowa ya san zakin nan ko ɓera ya gani sai ya hau gado.

Ƙungiyar tana da shugaba, suna ce masa Ciyaman. Duk mako yakan turo musu abin da za su faɗa, su kuma su watsu a shafuka kamar tsaki ya zube, bakinsu ɗaya, har kuskuren rubutunsu iri ɗaya. Wannan mako a ce mace mai albashi ba ta da ladabi. Mako na gaba a ce makaranta ce ke kashe aure. Idan wata mace ta yi gigin mayar da magana, sai su rufe ta da zagi har ta rufe shafinta. Amma Ciyaman ya gane cewa maganar maza a kan mata ba ta ratsa mata sosai. Abin da ake buƙata shi ne mace ta fito da bakinta ta ce ta gode da aka take ta. Auta kuwa yana da irin wannan kaya a gida: mace mai ilimi, mai haƙuri, ga kyan fuska, ga ciki.

Lissafi take koyarwa a makarantar firamare kafin makon da Ciyaman ya sa wa suna Makon Dawowa Gida. A makon ne Auta ya ɗauke ta bidiyo tana zuba littattafanta a kwali, tana karanta abin da ya rubuta mata a bayan kalanda: "Na gane kuskurena. Darajar mace tana ɗakinta." Albashinta ne ya sayi wayar da aka ɗauki bidiyon da ita, da sandar, da fitilar. Wannan bai shiga cikin bidiyon ba.

Ranar da na tarar da ita a durƙushe, sai da na bi ta kicin sannan na ga ƙafafunta. Sun kumbura sun yi suntum, silifas ya nutse a ciki. Na danna yatsa a ƙaurinta, ramin ya zauna bai ciko ba.

"Kin je awo?" na tambaye ta.

"Na je wancan watan, Yaya. Likita ta ce jinina ya hau. Ta ce in kwanta in huta, in riƙa zuwa duk mako."

"To?"

Ta leƙa falo, ta rage murya. "Ya ce a wurin awo ake zuga mata. Ya ma yi bidiyo a kan haka. Idan aka gan ni a layin asibiti, wai za a ce yana faɗa da baki biyu."

"Ki kira ni mana in zo mu tafi."

"Wayata tana hannunsa."

Ashe ya buɗe shafi da sunanta, da hotonta, shi yake rubutu a madadinta. Kowace safiya "Malama" takan gaishe da 'yan uwanta mata, ta ba su shawara: kada ki tambayi mijinki inda za shi, kada ki riƙe kuɗi ba da saninsa ba, ciwon ciki da na baya duk raki ne na matan zamani. Ita kuwa mai sunan ba ta ma san abin da ta ce ba sai in wani ya faɗa mata. Ban da wannan, yana da wasu shafukan da sunayen mata, waɗanda yake shiga da su ya yabi kansa. Da idona na ga yana rubuta wa kansa, "Allah ya ba mu miji irinka, Zakin Gida," yana murmushi kamar wata ce ta aiko.

Na fito na same shi. Na ce gobe zan kai ta asibiti.

"Yaya, ba ki gane harkar nan ba," ya ce. "In ka kwana biyu ba ka saka sabon abu ba, an manta da kai. Yanzu ne muka fara tashi. Kuma ni na san matata. Lafiyarta ƙalau. Dubi yadda ta yi ƙiba."

"Kumburi ne, sakarai."

"To kin gani? Irin wannan bakin ne ya sa muke wayar da kan maza."

Daga nan shagona ban koma ba, gidan Inna na wuce. Na tarar da ita a tabarma tana kallon ɗanta a waya, ta ƙure murya.

"Inna, yarinyar nan ba ta da lafiya. Ku yi masa magana, ku yake ji."

"Ke dai ba kya son ki ga yaron nan ya ci gaba," in ji Inna. "Da yana zaman banza kun ce ba shi da zuciya. Yanzu Allah ya ɗaga shi, har a kasuwa ana nuna ni ana cewa ga uwar Zaki, kuma kin zo da wata magana. Kumburin ƙafa wace mai ciki ce ba ta yi? Ni da cikinsa har ranar haihuwa ina wanki."

"Ke wa ya sa ki durƙusa sau goma don a ɗauki hoto?"

"Tsakanin miji da mata sai Allah. Ki fita daga ciki."

Na je wurin mahaifin Malama, dattijo mai gyaran agogo a bakin titi. Ya saurare ni da gilashinsa a ido ɗaya, bai ajiye agogon da ke hannunsa ba.

"Ya doke ta?"

"A'a, Baba."

"Ya hana ta abinci?"

"A'a, amma..."

"To 'yata, me zan je in ce? Jiya ma na gan ta a wayar maƙwabcina tana dariya. Wanda ke cikin wahala ba ya dariya haka."

Haka dariyar da aka sa ta yi dole ta zama shaida a kanta. Duk inda na kai ƙara, murmushinta ya riga ni isa.

Mutum ɗaya ce ta yi ƙoƙari ban da ni: shugabar makarantarsu. Ta zo dubiya, ta ga abin da na gani, ta koma ta rubuta a ƙarƙashin wani bidiyo cewa matar nan tana buƙatar likita, ba kyamara ba. Kafin la'asar Maza Mu Farka sun farka mata. Suka ɗauko hotonta suka zagaye da jan layi. Suka ce ga irin tsofaffin da suka kashe nasu auren suke neman na wasu. Suka tono sunan makarantar, suka riƙa kiran iyayen yara suna tambaya ko sun san wa ke tarbiyyar 'ya'yansu. Baiwar Allah ta goge rubutun, ta rufe shafinta, ba ta sake taka matakalar gidan ba. Da na haɗu da ita a kemis ta riƙe hannuna ta ce, "Ki yafe mini, ina da 'ya'ya." Ban ga laifinta ba.

Kwanaki suna tafiya, fuskar Malama tana cika, idanunta suna shigewa. Zoben hannunta sai da aka yanke shi. Kanta yana sara ba dare ba rana, Auta ya sayo mata ƙwayar ciwon kai da hoda mai kauri. Idan fuskar ta kumbura sosai sai ya ja fitilar baya, ya canza kusurwa, ya danna abin nan da ke gyara fata. A waya tana ƙara kyau, a ɗaki tana ƙarewa.

Sau ɗaya na yi nasarar sace ta. Ya fita aski, na sa ta a tasi muka nufi asibiti. Likitar ta auna ta, ta sake aunawa, ta ce ba za ta bar ta ta koma gida ba, gado za a ba ta. Muna jiran a shirya gadon sai ga shi ya shigo yana huci, da wani mutum a bayansa, gajere mai tumbi, turarensa ya riga shi shigowa. A ranar na fara ganin Ciyaman ido da ido.

Bai yi hayaniya ba. Irinsu ba sa yi. Ya gaishe ni da "babbar yaya", ya ce ya ji irin ɗawainiyar da nake yi. Sannan ya ce jibi ƙungiya tana da babban shiri kai tsaye, an tallata shi ko'ina, Malama ce tauraruwa, akwai kamfanonin da suka riga suka ba da talla.

"Kwana biyu ne kawai, babbar yaya. Kowace tafiya tana son sadaukarwa. Da an gama, ni da kaina zan kawo ta asibitin kuɗi, inda tawa uwargidan take zuwa."

"Au, taka tana zuwa awo?"

Ya yi dariya kamar na ba da labarin ban dariya. "Kowane gida da tsarinsa."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na juya wurin Malama na ce kada ta tashi. Auta ya sunkuya ya yi mata magana a kunne. Daga baya ta faɗa mini abin da ya ce: in ta kwana a gadon nan, ta kwana da sanin cewa ba ta da ɗakin komawa, kuma abin da ke cikinta nasa ne, a hannun Inna zai tashi. Ta miƙe, ta nemi silifas ɗinta da ƙafa. Likitar ta bi su har ƙofa tana cewa rai biyu ne a hannunsu. Auta ya ce mata ta je ta yi wa mijinta girki.

Ranar shirin ban buɗe shago ba. Da hantsi na isa gidan. An kwashe kujeru, an jera bahon wanki da bokitai a tsakar falo, an tara zannuwan gado da labule, har da na Ciyaman da aka kawo a mota don tulin ya yi yawa. Sunan shirin Mace ta Gari Ba Ta Gajiya. Malama za ta yi wanki da hannu, ta goge ƙasa, tana amsa tambayoyin masu kallo.

Ta kama gefen zanena ta ce, "Yaya, walƙiya nake gani. Kuma kamar an rufe mini rabin ido."

Na ce da Auta a fasa. Ya ce mutane sun riga sun shigo, ya nuna mini lambar da ke hawa a saman waya cike da murna. Ya tura ni bayan fitila, ya gyara murya, ya yi wa "zaratan maza da mata masu albarka" sallama.

Ta wanke zanin gado ɗaya. Ta fara na biyu. Auta yana karanto saƙonni: wata ta ce Allah ya sa ta zama kamar Malama, wani ya ce yanzu zai nuna wa tasa ragguwar. Aka tambaye ta sirrin ƙarfinta. Ta buɗe baki za ta amsa, sai bakin ya karkace. Ta kife a kan baho, ruwan kumfa ya malale a tayil, jikinta ya kama jijjiga, duga-duganta suna dukan ƙasa.

Abin da ƙanina ya fara yi, kuma zan faɗa ko a gaban wa, shi ne ya karkato da wayar don ta shiga hoto sosai. Daga baya ya rantse cewa kashewa ya je yi. Ni dai na ga hannunsa. Na kai wa sandar shuri, wayar ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin tebur, shi kuma ya bi ta da rarrafe.

Ihuna ya fito da matar da ke hawa na ƙasa, ma'aikaciyar banki, wadda ko gaisuwarta Auta ba ya amsawa. Ita da mai gadi da ni muka ciccibi Malama muka sauko da ita. Matar ta ja motarta kamar za ta tashi sama, hannu ɗaya a kan hon. Auta ya biyo mu daga baya a tasi, bayan ya tabbatar gilashin wayar bai fashe ba.

Aka yi mata aiki. Namiji ne. Bai yi kuka ba.

Ita ta rayu, da ƙyar, bayan kwanaki ba ta san inda kanta yake ba. Ni ina zaune a benci a bakin ɗakin, shi yana ƙarshen baranda inda haske ya fi kyau, yana magana da waya, yana matse ido don hawaye su fito. Sau biyu ya ɗauka, na farkon bai yi masa ba. Mabiyansa suka ninka a 'yan kwanakin nan. Inna ta ce haka Allah ya ƙaddara, kuma bakin mutane ne, yaron ya yi suna da yawa. Baba mai agogo ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shiga, ya ce da ya sani. Ihu bayan hari.

Ciyaman kuwa bai ɓata lokaci ba. Kafin a cire mata ɗinki ya turo wa yaransa maganar mako: shekarun da Malama ta yi tana tsayuwa a gaban allo su ne suka raunana mata mahaifa. Ga illar aikin mace, ga shaida. Suka yanko bidiyon daidai inda take murmushi a bakin baho, suka sa masa kiɗa mai taushi, suka watsa.

Da aka sallame ta, ta ce gidana za ta. Ɗaki ɗaya gare ni a bayan shago, na shimfiɗa mata katifa. Kwana biyu sai ga Auta da ledar lemo, da sandarsa a hammata.

"Sannu da jiki," ya ce. "Mutane suna ta tambayarki. Minti ɗaya kawai, ki ce kin gode, ki ce ƙaddara ce. Ba sai kin tashi ba, a kwance ma ya fi taɓa zuciya."

Ta ɗago ta dube shi. Muryarta ta dishe, amma na ji kowace kalma.

"Ka ga fuskarsa?"

"Wa?"

"Ɗanka."

Ya sosa ƙeya. "Lokacin ina amsa kira. Kin san yadda abin ya yi yawa. Amma har suna mun samu, mabiya suka zaɓa, na sa musu ƙuri'a tun kafin..."

"Ni na gan shi," ta ce. "Yaya ta roƙa aka ɗauki hotonsa, da na farfaɗo ta nuna mini. Da kai yake kama. Fita."

"Ke, ni kike ce wa..."

Almakashin yankan yadi yana hannuna. Ban ɗaga shi ba, na dai tsaya a tsakaninsu. Zakin Gida ya tattara sandarsa ya fita da baya. Lemon ma ya tafi da shi.

Ba ta koma ba. Yana ta shelar cewa yayarsa da 'yan boko sun hure wa matarsa kunne, har ya samu abin faɗa na wata guda. Makaranta kuma an riga an ba wani gurbinta. Shugabar ta ce ta jira sabuwar shekara, in iyayen yara sun manta. Yanzu tana zama a kusurwar shagona tana sa maɓalli, idonta na hagu bai gama dawowa ba, ta rame har wuyanta ya yi tsawo.

Shafin da ke ɗauke da sunanta kuwa yana nan da ransa. Auta ya miƙa shi ga ƙungiya. Mun kai ƙara, an ce ana dubawa. Kowace safiya waccan Malamar takan gaishe da mata, kumatu cike, fata sumul, ta ce musu haƙuri shi ne ado. Ba ta ciwon kai, ba ta binne kowa ba. Dubban mutane suna danna mata alamar so kafin su karya, kuma kowannensu in ka tambaye shi zai ce shi bai yi wa kowa komai ba, yatsa kawai ya sa.

Shekaranjiya wata budurwa ta kawo ɗinkin kayan aure. Ina auna ta tana ta zuba. Ta ce tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, amma ta bari, saurayinta ya nuna mata hanya. Ta ciro waya ta nuna mini.

"Anti, kin san wannan? Ita ce madubina. Ita ma aiki take yi ta ajiye. Dubi yadda hankalinta yake kwance. Ni dai Allah ya sa in zama kamarta."

Tef ɗin awo ya tsaya a hannuna. Yarinyar ba ta ko kalli kusurwa ba, balle ta gane matar da ke zaune a wurin.

Malama ta soke allura a jikin rigar da ke cinyarta. Ta jawo kujerar roba da ƙafa, ta ajiye a gabanta.

"Ƙanwata," ta ce, "kashe wayar nan ki zo ki zauna. Ga ni."